Giyar ganga ta Ingila: yadda ake ɗanɗana ta da yadda ake yanke mata hukunci

A fitowar watan jiya, da nake bayani a kan sha'ir da abubuwan da ake sarrafawa da shi, na ambata a taƙaice cewa Turawan Ingila suna da wata irin giya da ake ɗurawa a ganga da ranta, kuma har gasa suke shiryawa a kanta. Ban zaci wannan 'yar magana za ta jawo wasiƙu ba, sai ga su sun yi ta zuwa, na zaɓi huɗu daga ciki. Ni Musulmi ne, ban taɓa kai giya bakina ba, hukuncinta kuma a bayyane yake a aya ta 90 ta Suratul Ma'ida, don haka babu abin da zan faɗa a nan da nufin kwaɗaitar da kowa. Sai dai masu karanta wannan mujalla sun haɗa da ɗaliban kimiyyar abinci da manoma da 'yan uwanmu waɗanda ba Musulmi ba, kuma abin da na sani a kan batun na same shi ne a aji da ɗakin gwaji da kallon masu sana'ar a shekarun da na yi ina karatu a Ingila.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya tare da iyali. Ina karatun digiri na biyu a fannin kimiyyar abinci a nan Ingila, kuma a wannan zangon muna da darasin auna ɗanɗano. Malamarmu ta kawo misali da wata giyar ganga da aka yi da hatsin noman oganik, wato wanda aka noma ba da takin zamani ko maganin kashe ciyawa ba, ta ce babu abin sha da ya fi ta wuyar yi wa hukunci na adalci. 'Yan ajinmu duk sun gyaɗa kai, ni kuwa ban san inda zancen ya dosa ba, kuma na ji nauyin tambaya. Don Allah mece ce giyar ganga, kuma me alƙalan gasar suke dubawa? Sani, daga Lids.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam Sani. Malamarku ta faɗi gaskiya, dalilinta kuwa guda ɗaya ne: giyar ganga ba ta gama nuna ba a ranar da take barin masana'anta. Farkon aikinta bai bambanta da na sauran giya ba. Ana jiƙa sha'ir har ya yi tsiro, a busar da shi da zafi, a ɓarza, a zuba shi a ruwan zafi domin sitacinsa ya koma sukari, a tace ruwan, a tafasa shi da furen wani tsiro mai yaɗo da ake kira hof, wanda shi ke kawo ɗaci da ƙamshi, sannan a bar shi ya huce a zuba masa yis. A cikin kimanin mako guda yis ɗin zai cinye yawancin sukarin ya mayar da shi barasa da iska. Daga nan ne hanya ta rabu. Mafi yawan giyar kwalba da ta gwangwani ana tace ta tas, a ɗumama ta don kashe duk wani abu mai rai da ke cikinta, a cusa mata iskar gas kamar yadda ake yi wa lemon kwalba. Ta ganga kuwa ba a tace ta, ba a ɗumama ta. Ana ɗura ta ne da ragowar yis mai rai da ɗan sukarin da zai ci gaba da ci, wani lokaci a jefa mata ɗan busasshen hof, a toshe, a loda a mota. Gangar da aka fi amfani da ita tana cin galan 9 na Ingila, wato kimanin lita 41, ko kofi 72 na ma'aunin da suke sayarwa da shi, wanda kowane ɗaya mililita 568 ne. A da gangunan na katako ne, yanzu yawancinsu na ƙarfe ne marar tsatsa.

Sauran aikin yana hannun mai kula da ɗakin ajiya na mashaya, wanda galibi a ƙarƙashin ƙasa yake. Wani abokin karatuna Bature da ke aikin wucin gadi a wata mashayar ƙauye ya taɓa gangarawa da ni irin wannan ɗaki da safe kafin a buɗe wa jama'a, kuma a nan ne na fahimci abin da littafi ya kasa fahimtar da ni. Sanyin wurin kamar na gindin randa da asubahin hunturu. Gangunan suna kwance a jere a kan wani gadon ƙarfe, kowace da huda biyu a toshe, ɗaya a bisa cikinta, ɗaya a fuskarta. Ya ɗauki guduma ya kafa wani ɗan tsinken katako mai laushi a hudar sama, nan take kumfa ta fara tsattsafowa ta jikin tsinken tana ɗan tsaki. Ya ce da ni wannan ita ce shaidar tana da rai, kuma sai ta lafa zai cire shi ya sa wani mai tauri wanda ba ya barin iska ta fita. Daga nan ya koma kan wata gangar da ta kwana biyu a kwance, wadda ya riga ya buga wa famfo a fuska, ya tsiyayi kaɗan a kofin gilashi, ya ɗaga shi saitin ƙwan lantarki, ya sa yatsunsa a bayan kofin yana duba ko zai gan su sarai. Bai gan su yadda yake so ba, sai ya girgiza kai ya ce sai gobe. Da zarar an fara sayarwa kuma, duk kofin da aka ja iskar ɗakin ce ke shiga ta maye gurbinsa, saboda haka ƙa'idar masu sana'ar ita ce a sayar da gangar cikin kwana uku. Ka ga ke nan giya ɗaya daga tukunya ɗaya tana iya zama abu uku daban a mashaya uku, ko ma a mashaya ɗaya tsakanin Alhamis da Lahadi.

Wannan wahalar ce ta sa manyan kamfanonin giya na Birtaniya suka so su yar da ita a shekarun 1960, suka koma ga matacciyar giya a tukwanen ƙarfe masu iskar gas, wadda ko yaro zai iya sayarwa. A shekarar 1971 wasu Turawan Ingila su huɗu, Michael Hardman da Graham Lees da Jim Makin da Bill Mellor, suna yawon hutu a ƙasar Ayaland, suka kafa ƙungiyar da aka sani da CAMRA don kare giyar ganga. Ita ce ta shirya babban bikin giya na Birtaniya karo na farko a Landan a 1977, kuma tun 1978 take gudanar da gasar fitar da zakaran giyar ƙasar. Wata giya mai suna Landlord, ta kamfanin Timothy Taylor da ke garin Keighley, nan kusa da ku a Yokshaya, ta ci wannan kambu har sau huɗu.

A teburin gasa alƙali ba ya ganin suna ko tambari. Ana kawo giyar a cikin butocin gilashi masu lamba ko harafi, kuma ana gwada kowace ne da irinta, mai sauƙi da mai sauƙi, baƙa da baƙa, a fara da marasa ƙarfi a ƙare da masu ƙarfi don kada harshe ya mutu da wuri. Tsakanin kofi da kofi ana kurɓar ruwa a ci ɗan busasshen biskit marar zaƙi. Abubuwa huɗu ake ba wa maki. Na farko ido: launinta ya dace da irinta, ta yi garau, kumfarta ta tsaya, kuma tana barin zane a jikin kofi yayin da ake sha. Na biyu hanci, kuma a nan ne gwani yake daɗewa, ya rufe bakin kofin da tafin hannu, ya ɗan juya shi, ya buɗe ya shaƙa a gajarce sau biyu ko uku. Yana neman ƙamshin hatsi, wanda suke kwatantawa da biskit ko gasasshen burodi, da ƙamshin hof, wanda a irin na Ingila yake kama da na ciyawa da ƙasa da ɗan yaji, da kuma ɗan ƙamshin 'ya'yan itace da yis ɗinsu ke haifarwa. Na uku baki, wanda ya fi sauran nauyi a maki: zaƙin hatsi da ɗacin hof su yi daidai, kada ɗaya ya danne ɗaya, ruwan ya kasance da ɗan kauri, kuma a ji iskar tana ɗan motsi a harshe ba tare da ta yi cizo irin na lemon kwalba ba. Na huɗu shi ne abin da ya rage a maƙogwaro bayan an haɗiye, ko ɗacin ya tafi a hankali cikin tsabta, ko ya bar bauri. Saboda wannan na huɗun ne alƙalan giya suke haɗiyewa, saɓanin masu ɗanɗana ruwan inabi da ke kurkurewa su tofar.

Abin da ya fi amfani gare ka a matsayinka na ɗalibi shi ne sanin aibobin, domin kowane aibi yana nuna hannun da ya yi kuskure. Idan aka ji ƙamshin man shanu ya yi yawa, to ko dai an raba giyar da yis kafin ya gama aikinsa, ko kuma wasu ƙwayoyin cuta sun shiga. Idan aka ji kamar ɗanyen tuffa (aful), an yi gaggawar sayar da ita tun ba ta nuna ba. Idan tsami irin na binega ne, ganga ta daɗe a buɗe. Idan kuma kamar jiƙaƙƙen kwali ne, iska ta lalata ta. Akwai kuma warin da ke zuwa daga bututun da ke ɗauko giyar daga ƙasa zuwa famfon hannu na kan kanta, wanda ƙa'ida ita ce a wanke shi duk mako. Ka lura cewa mafi yawan waɗannan ba laifin wanda ya dafa ba ne. A ganina wannan shi ne raunin duk wata gasar giyar ganga: sunan mai masana'anta ake rubutawa a takardar yabo ko ta zargi, alhali rabin abin da alƙali ya ji a kofi aikin wani ne da ba a ambaci sunansa ba. Ƙungiyar CAMRA ta san da haka, shi ya sa take da wani ma'auni daban mai maki daga 0 zuwa 5 da membobinta ke bayarwa a mashayu, wanda abin da yake aunawa shi ne yadda aka kula da giyar, ba ko mai bayar da makin yana son irinta ba.

Game da nauyin da kake ji kuwa, ka yar da shi. Ka je ka sami malamar ka gaya mata kai tsaye cewa addininka ya hana ka sha, ka roƙi a ba ka aikin gwajin da shayi ko gahawa ko wani abin sha na halal. Tsarin ɗaya ne, ɓoye suna da jera samfura da rubuta maki, kuma shi ake son ka koya.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Wani direba abokina da ya taɓa zama a Landan ya ce Turawan can da ɗumi suke shan giyarsu, har sauran Turawa na yi musu dariya. Gaskiya ne? Bulus, daga Jos.

Amsa: Barka kadai, Malam Bulus. Abokinka ya ji zancen a inda ake yin sa, amma an yi masa ƙari. Ana ajiye gangar a ɗaki mai sanyin digiri 11 zuwa 13 a ma'aunin Salshiyos, kuma mutumin Jos ya san cewa wannan ba ɗumi ba ne. Abin da ya sa ake kiran ta mai ɗumi shi ne ana kwatanta ta da giyar firji. Idan sanyin ya wuce haka yis ɗin zai kwanta ya daina aiki, giyar ta yi hazo, ƙamshinta ya ɓuya. Idan kuma ɗakin ya yi zafi za ta yi saurin tsami. Akwai wata hukuma mai zaman kanta da masu sana'ar suka kafa, Cask Marque, wadda jami'anta ke shiga mashaya ba sanarwa su tsoma ma'aunin zafi a kofi, kuma abin da suke karɓa shi ne daga digiri 10 zuwa 14.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamar gona ce, kuma kalmar oganik ta fara yawa a bakin masu sayen riɗi da zoɓo da citta a wajenmu. Da na ga ka ce har giya ake yi da hatsin oganik a Ingila sai abin ya ba ni mamaki. Me kalmar take nufi a can, kuma shin mai ɗanɗanawa zai iya gane bambancin a bakinsa, ko kuwa dabarar ƙara kuɗi ce kawai? Malama Hadiza, daga Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama Hadiza. A Birtaniya kalmar tana ƙarƙashin doka, ba wanda zai liƙa ta a kayansa don ya ga dama. Kafin a kira abin ci ko abin sha oganik, sai aƙalla kashi 95 cikin 100 na kayan gonar da ke cikinsa sun fito daga gonakin da aka tantance, ban da ruwa da gishiri waɗanda ba a lissafa su. Gonar ba ta amfani da takin zamani ko maganin kashe ciyawa, magungunan ƙwari da aka yarda da su kaɗan ne ƙwarai, kuma sai ta yi shekaru a kan wannan tsari kafin a ba ta shaida. Ƙungiyar da ta fi shahara wajen bayar da shaidar ita ce Soil Association, wadda aka kafa a 1946. Binciken ba ya tsayawa a gona. Masu tsirar da sha'ir dole su ware na oganik daga sauran, masana'anta dole ta nuna takardun duk buhun da ya shigo, kuma ana zuwa duba ta duk shekara. Daga cikin masu wannan sana'a akwai Stroud Brewery a yankin Gulostashaya, wadda ta sa wa ɗaya daga giyoyinta suna Budding don tunawa da Edwin Budding, mutumin yankin da ya ƙirƙiro injin yankan ciyawa a 1830. Akwai kuma St Peter's a Safok, da Fuller's a Landan mai wata giyar oganik da ake sa wa zuma.

Sha'ir ba shi ne matsalar ba, domin yana jure noman da ba taki na zamani, sai dai amfanin ya ragu, kuma masu giya dama sun fi son ƙwayar da ba ta sha taki da yawa ba. Hof ne ke ba da wuya. Tsiro ne mai laulayi, darɓa na son sa, fumfuna iri biyu na kama shi a damshin Ingila, ga wata cuta da ke zaune a ƙasa tana busar da shi daga saiwa. Tsofaffin irin da Ingila ke alfahari da su, kamar Fuggle da aka fitar a yankin Kent a 1875, ba su da juriya sosai, don haka manoman da ke noma hof ba tare da feshi ba 'yan ƙalilan ne. Abin da ya biyo baya yana da ban dariya: masana'antar da ke tutiya da kare muhalli takan sayo hof ɗinta na oganik daga ƙasashen waje, har daga Niyuzilan, can ƙarshen duniya, inda yawancin waɗannan cututtuka ba su kai ba. Hof ɗin can kuwa ƙamshinsa ya fi karkata ga lemon tsami da 'ya'yan itatuwa. Saboda haka idan wani ya kurɓi giyar oganik ya ce ya ji ta daban, mai yiwuwa ya yi gaskiya, amma abin da ya ji irin hof ne da ƙasar da ya fito, ba rashin takin zamani ba.

Akwai wani abu kuma da ke shafar ido. Domin giyar ganga ta yi garau, bisa al'ada ana zuba mata wani ruwa mai yauƙi da ake yi daga busasshiyar jakar iska ta cikin kifi, wanda ke kama yis ya ja shi ƙasan ganga. Da yawa daga masu sayen kayan oganik ba sa cin duk abin da ya fito daga dabba, don haka wasu masana'antun sun daina zuba shi, giyarsu takan zo da ɗan hazo. Alƙalin da ya saba da tsohuwar ƙa'ida, wadda ke cewa hazo alamar lalacewa ce, yana iya rage mata maki a kan abin da aka yi da gangan, sai fa idan masu shirya gasar sun sanar da shi tun farko.

Tambayarki ta biyu tana da hanyar gwaji da muke amfani da ita a ɗakin bincike, kuma za ki iya yin ta da zoɓo a ofishinku. Ana ajiye wa mutum kofi uku iri ɗaya masu lambobi, biyu daga samfuri ɗaya, na ukun daga ɗayan, a ce ya nuna baren. Ko da bai ji komai ba, canke kawai zai sa ya dace sau ɗaya cikin uku, don haka sai an tara mutane da yawa an ga sun wuce wannan kason sosai kafin a ce akwai bambanci. Sharaɗin shi ne komai ya zama ɗaya ban da abin da ake gwadawa: irin sha'ir ɗaya, irin hof ɗaya, yis ɗaya, ruwa ɗaya. Ruwa ma kaɗai ya isa ya sauya komai, shi ya sa garin Burton na Ingila ya yi suna wajen giya, saboda gishirin jibsam da ke cikin ruwan rijiyoyinsa, har masu dafa giya a wasu garuruwa suke zuba wannan gishiri a nasu ruwan don su kwaikwaye shi. Idan kika ƙara da abin da na gaya wa Malam Sani a kan ɗakin ajiya, za ki ga cewa tasirin yadda aka noma hatsin ya nutse a ƙarƙashin abubuwa da yawa da suka fi shi ƙarfi. Hukuncina shi ne tambarin oganik shaida ce a kan gona da takardu, kuma shaida ce ta gaskiya wadda ake biyan kuɗi a sha wahala kafin a samu, don haka ban kira ta yaudara ba. Amma ba alkawarin daɗi ba ce, kuma duk alƙalin da aka nuna masa tambarin kafin ya ɗanɗana, an riga an karkatar da harshensa.

Tambaya: Malam, ina gaisuwa. Kakata ta yi sana'ar burkutu shekaru da yawa kafin ta rasu, kuma da na karanta bayaninka sai na ga kamar ita ma da ranta ake sayar da ita, tana tafasa a tulu ba wuta. Ashe ba abu ɗaya ba ne da na Turawan, sai dai su sun iya talla? Yakubu, daga Kafanchan.

Amsa: Ina amsawa, Malam Yakubu, kuma ka hango wani abu na gaskiya. Dukansu biyu daga tsirarren hatsi ake yin su, ba a kashe yis ɗin da ke cikinsu, ba a cusa musu iska daga waje, kuma dukansu ba sa jiran mai saye, ko a sayar cikin 'yan kwanaki ko a yi asara. A wurare biyun kuma suna yana bin hannun mai kula da tukunya ne, shi ya sa a garinku ake cewa ta gidan wance ta fi ta gidan wance, a Ingila kuma ake cewa mashaya kaza ta iya riƙon ganga.

Sai dai idan ka ɗora su a teburin hukunci ɗaya za a yi zalunci, domin abin da ake yabo a ɗaya shi ne abin zargi a ɗayar. Burkutu da dawa ake yin ta, babu hof a cikinta, kuma tsaminta da gangan ne: ana barin ruwan ya kwana domin ƙwayoyin halitta irin waɗanda ke sa nono ya yi tsami su yi aikinsu kafin a sake tafasawa. Tana da kauri, ba a ganin komai ta cikinta, kuma ana shan ta ne tana tsakiyar tafasa. Mai dafa giyar Ingila kuwa yana kashe kuɗi da lokaci ne don ya hana waɗannan ƙwayoyin tsami kusantar tukunyarsa, yana amfani da yis ɗin da masana'antarsa ke reno shekara da shekaru, kuma yana so a sha ta bayan ta lafa, lakar ta kwanta a cikin gangar. Hof ɗin da yake sawa ma ba don ɗaci kaɗai ba ne, yana taimakawa wajen danne ƙwayoyin tsamin, kuma wannan na daga cikin dalilan da suka sa gangar da ba a buɗe ba take iya yin makonni a ɗaki mai sanyi, abin da tulun burkutu ba zai yi ba.

Batun talla kuma, ba shi kaɗai ba ne. Abin da Turawan suka yi shi ne sun zauna sun rubuta abin da suke nufi da mai kyau, suka sa wa kowane aibi suna, suka gano sinadarin da ke haddasa shi, har wani masanin kimiyya ɗan ƙasar Denmak, Morten Meilgaard, ya tsara kalmomin ɗanɗanon giya a wani zane mai kama da ƙafar keke a shekarun 1970, wanda ake koyar da alƙalai da shi har yau. Kakarka ta san ranar da tukunyarta ta yi da ranar da ba ta yi ba tun daga ƙofar ɗaki, ta hanyar wari da ƙarar tafasar, kuma tabbas tana da kalmomin da take kiran kowane hali da su a harshenku. Idan akwai sauran tsofaffin da suka yi aiki tare da ita, ka je da littafi ka rubuta waɗannan kalmomi da ma'anarsu, ka aiko mini, zan buga su a wannan shafi.